Dauriyar Tanimun

Duk wanda ya tashi a garinmu, can gefen hanyar da ta bar Malbaza ta nufi Tajaye, ya san Tanimun da abu ɗaya, wato raki. Ba don ɓatanci nake faɗa ba. Ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka tashi, kuma babu wanda ya fi ni sanin tarihin kukansa. Ranar da aka yi mana kaciya mu tara ne, takwas muka cije, shi kuwa tun wanzami bai buɗe zabira ba ya tara mata a bakin darni. Da masu allurar rigakafi suka zo lakwal, wato makarantar boko, ta taga ya fita. An kai shi Konni koyon ɗinki, allurar keke ta soke shi a yatsa, a ranar ya dawo gida ya ce sana'ar ba ta karɓe shi ba. Daga ƙarshe ya kafa tebur a bakin titi, inda direbobin manyan motocin siminti ke tsayawa su huta, yana sayar da dabino da alawa da sukari ƙulli-ƙulli, sana'ar da babu abu mai tsini a cikinta.

Ni Halilu, shekara hamsin na yi ina shan dariya a kansa. In majalisa ta yi sanyi sai in ce, "Tanimun, kunama," ya daka tsalle ya zubar da faranti, a yi ta ƙyaƙyatawa. Haƙƙina ne na taubashi, ba mai hana ni. Shi ma yakan yi dariyar, sai dai tasa kullum takan riga ta kowa ƙarewa, ni kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. In dabba ta ɓace a gari, maza suka ɗauki sanduna za su fita bin sawu, maigari yakan ce, "Tanimun, kai ka tsaya ka tsare muna gari." Kowa ya san abin da ake nufi, har shi.

Ciwon sukari ya kama shi yana da shekara arba'in da 'yan kai. Matarsa Bara'atu ce ta fara lura da yawan shan ruwansa, da tururuwar da ke taruwa inda ya yi fitsari. A asibitin Malbaza aka soke masa yatsa, bayan ƙarti biyu sun riƙe shi, aka ce lallai shi ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi zaƙi. To, mutumin da ke wuni da buhun sukari a ƙarƙashin teburinsa ka ce ya ƙaurace wa zaƙi, ai an ba kura ajiyar nama. Ƙwaya yakan sha in ya tuna. Shayi kuwa na farko da na biyu da na uku ba ya tsallake ko ɗaya, wai ai na ukun ruwa ne.

Bayan wasu shekaru ya fara kukan ƙafafu. Yau tururuwa na yawo a cikinsu, gobe barkono aka zuba, jibi allurai ne. Wa zai saurare shi? Muka ce rakin ne ya gaji da sama ya sauka ƙasa. Ana nan, ana nan, sai kukan ya ɗauke. Ya zo majalisa da fara'a ya ce Allah ya ba shi sauƙi, ƙafa ta yi shiru, har ya yi sadakar dabino. Mu ma muka taya shi murna, don kunnuwanmu sun huta.

Abin ya faru ne ranar sunan jikar maigari, da hantsi. An raɗa suna, an raba goro, muna kan tabarmi a ƙofar gida kowa ya tuɓe takalmi, ana dafa shayi a murhun waya. Tanimun ya miƙe tsaye yana gardama da wani direba a kan ko dabinon Agadas ya fi na Aljeriya. Wani ya tunkuɗi murhun, garwashi ɗaya ya gangaro, Tanimun ya ja da baya ya ɗora tafin ƙafarsa ta dama a kai, ya ci gaba da gardamarsa. Da idona na gani. Na tsaya ina jiran tsallen, har na shirya abin da zan faɗa. Tsalle bai zo ba. Sai ƙauri ya tashi, maigari ya waiwaya yana tambayar wanda ya kawo babbakar kan rago gaban baƙi.

Na ce, "Tanimun, ɗaga ƙahwarka."

Ya ɗaga. Garwashin ya manne a tafin ya mutu, fata ta yi baƙi kewaye da shi. Na ga fuskarsa a lokacin, kuma har gobe ba zan manta ba. Tsoro ne ya fara zuwa, bakinsa ya buɗe zai yi abin da ya saba. Sai ya dubi mutane. Mutum arba'in suna kallonsa, babu mai dariya ko ɗaya, kuma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa irin wannan kallon ba. Ya rufe bakin, ya sa yatsa ya ɓamɓare garwashin ya yar.

"Wanga ɗan abu?" in ji shi. "Na jiya shi tun ɗazu. Na bari in ƙare maganata."

An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, to ni ne bafaden. Nan take na miƙe na fara yi masa kirari: Tanimun ci-wuta, namijin da garwashi ke mutuwa a ƙarƙashinsa, ƙi-gudu na Bara'atu. Da wasa na fara, Allah ya sani, amma da na ga mutane na gyaɗa kai sai na daina dariya na ƙara murya. Kafin la'asar labari ya kai Tajaye. Kafin ranar kasuwa ya kai Konni, kuma a kan hanya garwashi ɗaya ya zama murhu guda. Wasu suka ce wani Buzu ne ya ba shi laya saboda ya shayar da shi ruwa. Wasu suka ce ai dama can haka yake, rakin nan ɓad-da-sawu ne, manyan maza ba sa nuna kansu. Tsofaffin mata suka tuna cewa kakansa ya taɓa kashe kura da hannu. Kakana ne ni ma, kuma na san ko akuya bai taɓa kayarwa ba, amma ban musa ba.

Samari suka riƙa shimfiɗa masa ƙayar aduwa yana takawa, suna ɗauka a waya suna aika wa 'yan ci-rani a Abijan da Libiya. Ya daina sa takalmi, wai takalmi na masu jin ƙasa ne. Direbobi suka riƙa tsayawa musamman don su sayi dabinon mai cin wuta. A fada aka matsa masa wuri a kan tabarmar maigari, in ana shawara a ce, "Malam Tanimun, mi ka gani?" Masu neman maganin suka yi ta zuwa, har da wani ɗan kokawa daga Illela, shi kuma yakan sunkuyar da kai ya ce sharaɗin abin ba a bayarwa. Har tafiyarsa ta canza, ya riƙa jefa ƙafa yana buga ta da ƙasa. Mun ɗauka taƙama ce, ashe bai san inda ƙasar take ba sai ya ji bugun a gwiwarsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bara'atu ce kullum da marece take zaunar da shi, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta bi ta da matsefata tana zare ƙayoyi, wata ta kwana uku a ciki har ta fara ruwa. Ita ce ta ga ƙunar garwashin nan ta ƙi rufewa. Ita ce kuma, bayan wata huɗu, ta ga ƙafar dama ta kumbura ta yi jajir, in ka taɓa zafi rau, mai ita kuwa yana ta barcinsa. Wata safiya ta same ni ina wanke babur.

"Malam Halilu," ta ce, "kai ka hura wutar ga. Kai za ka kai mu Malbaza."

Ban yi gardama ba, don Bara'atu ba ta da yawan magana, kuma in ta yi ba a ƙarawa. Mu uku muka hau babur ɗin, Tanimun a tsakiya yana gunaguni.

Malamar asibitin da muka samu Ummul-Khairi sunanta, wata gajeriyar mace mai tabarau wadda ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta taɓa ƙafar hagu da bayan hannu, ta taɓa ta dama, ta dubi Bara'atu. Sannan ta ɗauko wani ɗan zaren roba mai kamar gashin wutsiyar doki, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji ta taɓa ya ce i. Ta taɓa babban yatsa, shiru. Ta taɓa tafin, ta taɓa dunduniya, ta bi wuri goma, shiru. Ta ajiye zaren ta koma teburinta ta fara rubutu. Tana cikin rubutun sai muka ji Tanimun, ido a rufe, ya ce, "I." Can kuma ya ƙara, "I, nan ma na jiya." Dariya ta taso mini, na dubi fuskar Bara'atu, na haɗiye ta.

"Baba, buɗe idonka," in ji malamar. "Wanga abu ba dauriya ba ta. Sukari ya cinye jijiyoyin da ka kai ma kanka labari. Ƙahwarka tana kuwwa, kai na ba ka ji. Kumburin ga kuwa, ƙasussan ciki na sunka yi taushi, sun hwara barin wurinsu. In ka ci gaba da taka ta za su ruguje, tahin ya ɓulle, kuma miki ga mai sukari ba ya jin magani da wuri. Ka tahi babbar asibiti a yi hoto, a ɗaure ta cikin filasta. Wata ukku, wataƙila shidda, kar ta taɓa ƙasa. In ka yi haka kana tsira da ita. In ba ka yi ba, yanke ta za a yi. Ba ni iya ɓoye maka."

Ta rubuta takarda ta ba shi, ya ninke ya cusa a hula. Da muka fito Bara'atu ta tafi sayen magani, ni da shi muka tsaya a inuwar dogon yaro. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Halilu," ya ce, "abin da ka jiya ciki, ya tsaya nan."

Na ce, "Haba, ai ciwo ba abin kunya ba na."

"Shekara hamsin kana dariyata," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Wata huɗu kaɗai na samu. Kak ka amshe min su."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na yi masa alkawari, kuma a raina na ji kamar wani babban alheri na yi masa. Da Bara'atu ta dawo aka tsayar da magana a kan ranar Litinin za a tafi babban asibiti, a gari kuma za a ce ya je ziyara wurin 'yarsa. Ta ce me ya hana gobe. Ya ce yana da kaya a tebur da za su lalace, alhali dabino da sukari ne.

Ranar Asabar da asuba aka wayi gari bijimin maigari ba ya kan turke. Kafin rana ta fito maza sun taru a ƙofar fada da sanduna da gorunan ruwa. Maigari ya fito yana huci, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Tanimun.

"Malam Tanimun, kai ka gaba. Ɓarayi in sunka ji sunanka sun aje min sa."

Na dubi Tanimun, shi ma ya dube ni. Kalma biyar ta isa ta hana shi tafiyar nan, kuma suna bakina. Amma na ga yadda ƙirjinsa ya buɗe, na tuna duk ranakun da muka fita muka bar shi da mata da kaji, na yi shiru. Da muka biyo ta ƙofar gidansa Bara'atu na tsaye a zaure da takalmansa a hannu. Ba za ta tona masa asiri a gaban maza ba, ba irinta ba ce. Ta miƙo masa, ya kau da kai. Sai ta miƙo mini.

"Ko takalman ga ka sa shi sawa," ta ce a hankali.

Kwana biyu ina ɗauke da su a jaka. Sau ɗaya na fito da su, wani ya ce, "Kai Halilu, zaki za ka sa ma takalmi?" aka yi dariya, na mayar.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ai tafiya ce kawai. Fako ne da tsakuwa da duwatsu masu kaifi, ka hau tudu ka gangara kwari, rana kuma ta kaka ba ta da tausayi. Tanimun na gaba yana jefa ƙafa, in mun ce a huta ya ce shi bai gaji ba. A rana ta biyu ina bayansa na fara jin wani ƙurus-ƙurus duk lokacin da ya taka, kamar ana tauna aya. Akwai masana sawu a cikinmu, mutanen da in sun dubi ƙasa za su gaya maka saniya ce ko sa, da ciki ko babu, da wace ƙafa take ɗingishi. Da muka ratsa wani rairayi ɗayansu ya tsuguna a kan sawun Tanimun. Tsakiyar tafin, inda ya kamata a ga rami, ta lotsa cikin yashi fiye da dunduniya, yatsun kuma sun karkace waje, ga ɗan jini-jini a gefe. Ya kira sauran suka kewaye. Suka daɗe suna nazari, sannan babbansu ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce lallai wannan sawu ba na mutum kamar kowa ba ne, abin ya fara bayyana a jikinsa. Har wani ya ɗebi yashin ya ƙulle a gefen rawani.

Da azahar wayar ɗan maigari ta yi ƙara. Daga gida ne. Wai sa ya dawo da kansa tun jiya da marece, ya tsinke igiya ne ya bi wata saniya a garken Fulani, yanzu haka yana kan turke yana cin harawa. Muka juya. Ba mu yi nisa ba Tanimun ya faɗi. Ba zafi ne ya kayar da shi ba, ƙafar ce ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ta ƙi ɗaukarsa, ya tashi ya sake faɗuwa yana mamaki. A amalanken jaki muka shigo da shi gari, mata na guɗa.

Bara'atu ta kalli ƙafar sau ɗaya ta ce a nemo mota. Amma maigari ya riga ya yi magana. Ya ce a kan hidimarsa aka ji ciwon nan, don haka shi zai ɗauki nauyi, kuma ya riga ya aika a ɗauko Takama. Takama shi ne maɗorin da duk yankinmu ke ji da shi, tsoho ne da ya gaji sana'ar ɗori kaka da kakanni, kuma ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Da Bara'atu ta aiko a gaya wa maigari maganar asibiti, sai ya ce asibiti ai yanka kawai suka sani. Wa zai mayar wa maigari da alherinsa? Tanimun dai bai iya ba.

Sai ka san yadda Takama ke aiki kafin ka gane abin da ya biyo baya. Idonsa ya yi rauni tuntuni, da hannu da kunne yake ɗori. Yakan bi gaɓa da yatsa yana latsawa, inda mutum ya yi ƙara nan karayar take. Sai ya ja, ya murɗa, ƙarar ta kai ƙarshe, in ƙashi ya koma wurinsa sai ta sauka ta zama nishi, shi ke nan ya san ya gama. In ya jera karare ya fara ɗaurewa, yana ja yana saurare, da mutum ya ce wash sai ya sassauta kaɗan ya ƙulle. Shekara hamsin da wannan awon yake aiki, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Aka shimfiɗa Tanimun a tsakar gida, maza sun cika wurin har kan katanga. Takama ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya fara latsawa. Shiru. Ya bi yatsu, ya bi tafi, ya bi idon sawu. Shiru. Ya karkata kunne ya ce, "Nan fa?" Tanimun ya ce, "Ci gaba da aikinka, Baba." Jama'a suka yi kabbara. Na ga gumi ya keto wa tsohon, don a ƙarƙashin yatsunsa ƙasusuwa na motsi ko'ina, ba wuri ɗaya ba, kuma babu mai gaya masa inda zai tsaya. Ya sa ƙarti biyu suka riƙe cinya, ya ja, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, muna jin ƙarar abin daga inda muke tsaye. Tanimun yana kallon sama yana amsa gaisuwar wani. Tsoho mai suna irin na Takama ba zai ce bai gane ba a gaban mutum sittin. Ya sauke hannu ya ce ƙashi ya zauna, kuma tun da yake ɗori bai taɓa taɓa namiji irin wannan ba. Ya jera karare, ya naɗa tsumma, ya fara jan igiya yana jiran wash. Ya ja, ya ja, har ƙarfinsa ya ƙare, ya ƙulle a nan.

"Kwana goma sha biyu," in ji shi. "Ba mai kwance shi sai ni. In ya matse ka, ka aiko."

Ba a aika ba, don babu abin da ya matse shi. Gidan ya zama kasuwa, masu dubiya na shiga suna fita, ana ta shayi a zaure, ni kuma ina ba da labarin ɗorin ga waɗanda ba su gani ba. A rana ta huɗu Bara'atu ta ce tana jin wari. Aka ce man shanu ne. A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi, aka ce ƙashi ne ke haɗewa. A rana ta shida da hantsi, maza na zaure, ta ɗauki wuƙar yanka kuɓewa ta shiga ɗaki ta yanke igiyar Takama, sannan ta leƙo ta kira ni da hannu.

Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, tafin ya buɗe a daidai tsohuwar ƙunar, kuma abin da ke leƙowa daga ciki ƙashi ne. Tanimun yana kwance yana rawar sanyi, yana tambayarmu ko ta yi kyau.

Na fita zaure, na faɗa musu komai: abin da malamar asibiti ta ce, da zaren roba, da takardar da ke cikin hula, da cewa mutumin nan ba daurewa yake ba, ba ya ji ne kawai. Ihu bayan hari, amma dai na faɗa. Suka saurare ni har na gama, sannan wani dattijo ya fashe da dariya.

"Kai dai Halilu ba ka barin wasa. Taubashinka na kwance ma ba ka ƙyale shi."

Sauran suka taya shi. Shekara hamsin ban taɓa faɗin magana ɗaya ta gaskiya a kan Tanimun ba, don haka ranar da na faɗa babu inda za ta zauna. Na hau babur na je bakin titi na samo mota.

A babban asibiti likitan bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya karanta takardar Ummul-Khairi, wadda gumi ya jiƙa har ta fara yagewa, ya dubi kwanan watan, ya dube mu, ya ajiye. Ya ce ruɓar ta hau sama, in an jira gobe ba maganar ƙafa za a yi ba. A ranar aka yanke ta, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Mun yi mako uku kafin mu dawo, kuma mun tarar labari ya riga mu isowa. Wai da za a yi aikin Tanimun ya ce ba ya son allurar barci, yana zaune yana jan carbi aka yanka. Takama kuma ya aiko da gaisuwa, ya ce da mace ba ta taɓa ɗaurinsa ba da yanzu mutumin yana tafiya. Gari ya karɓi wannan da hannu biyu, don ya fi sauƙin haɗiya. Mata suka riƙa yi wa Bara'atu kallon gefe a bakin rijiya. Ita kuwa ta ci gaba da dafa masa abin da aka ce ya ci, tana ba shi magani a kan lokaci, tana duba ƙafar hagu safe da marece har tsakanin yatsu.

Likita ya gaya mana tun a asibiti cewa wasu sukan ji ciwo a gaɓar da aka cire, kada mu tsorata. Na ɗauka irin maganarsu ce ta likitoci. Kwana biyu da dawowarmu, bayan azahar, zaure ya cika da masu dubiya, har da baƙi daga Tajaye da suka yo takanas don su ga mutumin. Na shiga ciki in gaya masa. Na same shi a zaune a kan gado, gumi na zuba, ya cusa wuyan rigarsa a baki ya cije, hannunsa na lalube a kan katifa inda babu komai.

"Halilu," ya ce da ƙyar, "yatsun. Kamar ana murɗe su da filaya. Wallahi ina jin su ɗaya-ɗaya."

Na zauna kusa da shi. Hawaye na bin fuskarsa, wuyansa ya kumbura saboda abin da yake dannewa.

"Su nawa ga zaure?"

"Sun kai goma sha biyar."

"Suna ji daga nan?"

Tsakanin ɗakin da zauren taku goma ne, kuma ƙofar tabarma ce. Shi ma ya san amsar. Ya mayar da rigar baki. Tausayinsa ya kama ni, na ce masa ya yi kukansa, ni zan fita in sallame su. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya riƙe mini hannu.

Bara'atu na tsaye a bakin ƙofa tana kallonmu. Ta juya ta fita. Na ji tana jan wani abu mai nauyi a tsakar gida, na leƙa, sai na ga turmi ne ta gangaro da shi har gindin bangon zaure. Babu ko ƙwayar gero a ciki. Ta ɗauko taɓarya biyu, ta dawo bakin ƙofa.

"Malam," ta ce wa mijinta, "yi abinka."

Sannan ta miƙo mini taɓarya ɗaya. Tun da nake ban taɓa riƙe taɓarya ba, kuma da wani ya leƙo ya ga namiji mai furfura a bakin turmi da na shiga bakin duniya har in mutu. Na karɓa. Ta buga, na buga, ta buga, na buga, turmin wofi yana amsawa har bango na girgiza. A tsakanin bugu biyu na ji muryar Tanimun ta fito daga ɗaki, sai Bara'atu ta ƙara sauri, ni ma na bi ta. Daga zaure wani baƙo ya ɗaga murya yana cewa alhamdulillahi, gida ya samu lafiya, ga shi har an koma dakan fura. Hannuna ya yi bororo ya fashe, ban tsaya ba. Muna nan muna daka har aka kira la'asar, mutanen suka tashi suka tafi masallaci.